Karɓi kafin alƙalami tukuna, ka bar zancen Paulo Miklos

Kai yaro, ka ce wani mawaƙi ya zo situdiyo yana so ka ɗaukar masa waƙa shida bashi, wai zai biya idan fim ɗin da aka saka shi ya fita. Har ya kafa maka hujja da Paulo Miklos na Brazil, cewa shi ma mawaƙi ne ya shiga fim ya yi suna. Kana tambaya ko ka yarda. Wallahi tun da ka ambaci fim raina ya ɓaci.

Shi mai kafa hujjar, ya san wane ne Miklos? A Sao Paulo aka haife shi a 1959. Ƙungiyarsu ta kiɗan rok, Titãs, ta fara a 1982, faifansu na farko ya fito a 1984, ba su kafu sosai ba sai 1986 da faifan Cabeça Dinossauro. Mutumin yana waƙa, yana busa saksofon, yana kaɗa fiyano. Sai a 2001, yana ɗan shekara 42, darakta Beto Brant ya saka shi a fim ɗin O Invasor, ya fito a matsayin ɗan kisan haya. Kusan shekara 20 ke nan yana shan zufa a dandamali kafin ya tsaya gaban kyamara. A shekarar kuma babur ya buge mai jitarsu Marcelo Fromer ya rasu, ana dab da shiga ɗaukar sabon faifai. Miklos bai ce fim ya kira shi ba, ya zauna aka gama aikin. Bai bar ƙungiyar ba sai 2016. Wannan ne naku na yanzu, mai waƙa biyu a waya, zai haɗa kansa da shi?

Ni an yi mini, shi ya sa. Wani yaro ne mai murya kamar me, dattijon unguwarmu ya kawo shi, na ji nauyi. Waƙa takwas muka yi cikin wata uku. Man janareto daga aljihuna, mai fiyano ni na sallame shi, 'yan amshi uku ni nake ba su kuɗin mota kullum. Har aikin biki na mayar saboda shi, kuɗi a hannu. Muna kan ta ƙarshe aka kira shi lokeshan, ya ɓace sati biyar. Ranar da ya dawo har ƙasa ya durƙusa, wai Baba a saka masa a filashi furodusa ya saurara kawai, gobe zai zo da kuɗi. Na saka masa. Bayan sati biyu ina wucewa ta kasuwa na ji kiɗana yana tashi a rumfar masu tura waƙa. Da fim ɗin ya fito, sunan wani aka rubuta a wurin mai kiɗa. Mikisata ta farko, na'urar haɗa sauti, wadda na yi shekara huɗu ina tara kuɗinta, ita na sayar na biya mutane haƙƙinsu. Har yau idan muka haɗu a ɗaurin aure kau da kai yake yi.

Maganar yadda za ka saita makirfo ko ka rage amo kada ma ka kawo mini, wanda ya yi wata shida a nan bai san wannan ba ya koma gida. Ku matsalarku kunya a inda ba ta dace ba, da son a ce kun yi aiki da ɗan fim.

Ka gaya wa mawaƙin nan naka rabin kuɗi kafin ka kunna kwamfuta, sauran kafin waƙa ta fita daga ɗakin nan. Ba filashi, ba WhatsApp, ko ɗanɗano na minti ɗaya. In furodusa yana son ji, ga kujera nan, ya zo ya zauna. Kuma dattijon da zai tsaya masa ya sa hannu a takarda, a gabana.