Filin Tambayoyinku: hoton MRI, girman ƙwaƙwalwa da abin da lissafi zai iya faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ne mai shekara 74, an yi mai hoton kai na MRI saboda jiri da yake fama da shi, sai likita ya karanta mana sakamako ya ce ƙwaƙwalwar ta ɗan motse. Tun ranar hankalinmu bai kwanta ba, yayanmu ma cewa yake shikenan ciwon mantuwa ne ya kama shi. Amma fa Baba yana gane kowa, shi yake jan sallah a masallacin unguwa, kuɗin haya ma shi ke lissafawa. Don Allah a yi mana bayani. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar'uwa ki kwantar da hankalinki tukuna, don kusan duk wanda ya haura saba'in in aka saka shi a na'urar nan sai an ga ƙwaƙwalwarsa ta ragu, haka halittar take. Binciken da aka yi ta hanyar ɗaukar hoton mutane ana maimaitawa bayan shekaru ya nuna daga wajen shekara 35 ƙwaƙwalwa tana raguwa da kamar kashi 0.2 cikin 100 duk shekara, in an kai sittin ya koma kusan kashi 0.5, kuma wannan fa a jikin masu lafiya ƙalau. To abin da likita yake son sani shi ne, ta ragu fiye da ta sa'anninsa ne, kuma a wane ɓangare?

Akwai wani ɗan sashe a can ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana ce mai hifokamfos, shi ke taimakawa wajen riƙe sabon abu. A masu cutar Alzheimer, wato wani nau'in ciwon mantuwa, yana motsewa da kamar kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara, a tsofaffi masu lafiya kuma kashi 1 da ɗan wani abu. Bambanci ne babba, amma ki lura matsakaicin jama'a ake faɗa, in kika jera mutanen ɗaya bayan ɗaya za ki samu tsoho mai ƙaramin hifokamfos da hankalinsa garau, ki samu wani nasa bai ragu sosai ba amma ya manta sunan 'ya'yansa. Shi yasa hoto kaɗai ba ya yanke hukunci.

A 2022 wasu masana da jami'o'in Kambirij da Fensilbaniya suka jagoranta sun haɗa hotunan mutum sama da 100,000, tun daga ɗan tayi a ciki har mai shekara 100, suka fitar da jadawalin girman ƙwaƙwalwa irin katin awon yara da ake ba uwaye a asibiti, lissafin ma iri ɗaya ne da wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi. Aiki ne mai kyau wallahi, sai dai yawancin mutanen ciki daga Turai da Amurka ta Arewa suke, su da kansu masu binciken sun faɗa. Don haka auna dattijon Zariya da shi sai da taka-tsantsan.

Haka gwajin tunani da ake yi a asibiti. Wanda aka fi sani, MMSE, tun 1975 ake amfani da shi, maki 30 ne, a ciki akwai karanta jimla, rubuta jimla, cire bakwai-bakwai daga ɗari da kwaikwayon zane. Dattijon da bai yi boko ba zai iya zubar da maki alhali yana da haddar izu sittin a kai, wannan abin yana damuna sosai. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka ya gane wannan matsalar, shi yasa gwajinsu ya haɗa da zaunar da wani na gida a tambaye shi yadda tsohon yake a rayuwar yau da kullum. To abin da kika faɗa na limanci da lissafin haya shaida ce mai nauyi, ku faɗa wa likita shi. Ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a duba hawan jini da suga da jin kunnensa, a kuma bi maganar jirin nan da ta kai ku tun farko kar a manta da ita.

Tambaya: Malam ina digiri na biyu ne a ƙididdiga, ina da bayanan majinyata 40, makin gwajin tunani da girman sassan ƙwaƙwalwa. Da farko na samu alaƙa mai ƙarfi tsakanin makin da girman hifokamfos, amma da sufabaizana ya ce in saka shekaru da girman ƙoƙon kai a cikin lissafin sai alaƙar ta ɓace. Zan iya cire su in kai sakamakon farko? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: A'a ƙanena, kar ka cire, malaminka yana da gaskiya. Shekaru suna rage girman ƙwaƙwalwa kuma suna rage makin gwaji, to in cikin mutanenka akwai mai 45 akwai mai 80 dole ka ga biyun suna tafiya tare ko da babu abin da ya haɗa su sai tsufa. Girman kai kuma, ana auna faɗin cikin ƙoƙon kai ne saboda ƙashi ba ya motsewa, shi ke nuna iyakar girman da ƙwaƙwalwar mutum ta taɓa kaiwa, in babu shi ba za ka bambance wanda tasa ta ragu da wanda dama can ƙarama aka halitta masa ba. Ka ƙara da jinsi da shekarun karatu, in kuma an ɗauki hotunan a na'ura fiye da ɗaya, misali mai Tesla 1.5 da mai Tesla 3 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisun na'urar ke nan), shi ma ya shiga, don na'urori biyu suna iya ba mutum ɗaya adadi daban. Amma ka tsaya nan, mutum 40 ba za su ɗauki abubuwa goma a lissafi ɗaya ba.

Sannan ɓacewar alaƙar ba ta tabbatar da cewa babu ita ba, mai yiwuwa tana nan amma ƙarama ce kuma mutanenka sun yi kaɗan. A 2022 Scott Marek da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature da bayanan mutum kusan 50,000, suka nuna cewa alaƙar tsarin ƙwaƙwalwa da hali ko basira ƙarama ce ƙwarai, sai da dubban mutane ake samun sakamakon da zai maimaitu, alhali yawancin binciken baya mutum 25 ko makamancin haka ake yi da su. A majinyata bambancin yakan fi fitowa fili, amma gargaɗin ya shafe ka. Ka rubuta iyakar ƙasa da iyakar sama na ƙiyasinka, kowa ya ga faɗin rashin tabbas ɗin.

Wani ramin da ɗalibai ke faɗawa shi ne su yi ta gwada sassa har ɗaya ya fito. Manhajar FreeSurfer tana raba ɓawon ƙwaƙwalwa gida 68, in ka gwada duka da ma'aunin nan da ke yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100 a kowane gwaji, kusan guda uku za su fito kamar gaskiya ko da babu komai. A 2009 wani mai bincike Craig Bennett ya gabatar da sakamakon mataccen kifin salmon da ya saka a na'urar MRI, ya nuna wa abokan sana'a wannan haɗarin, kuma lissafin da ba a gyara ba ya nuna kamar ƙwaƙwalwar kifin tana aiki. Ka zaɓi sashen da za ka duba tun kafin ka buɗe fayil, ko ka yi gyaran da ake yi wa gwaji masu yawa.

Batun wanne ya jawo wanne kuma, hoto na rana ɗaya ba ya amsa shi. A 2000 wata mai bincike Eleanor Maguire ta samu cewa ɓangaren baya na hifokamfos na direbobin tasi 16 a Landan ya fi na sauran mutane girma, sai aka ce to ko dama masu babban ne suke zama direbobi? Sai ta bi masu koyon aikin 79 na tsawon shekara uku zuwa huɗu, a 2011 aka ga waɗanda suka ci jarrabawar haddar tituna, su 39, su ne nasu ya ƙaru. In ka samu damar ci gaba zuwa digiri na uku, irin wannan bibiyar ka nema.

Tambaya: Na ga wani rubutu a Facebook wai kimiyya ta tabbatar ƙwaƙwalwar maza ta fi ta mata girma, don haka sun fi basira. Gaskiya ne? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malama, rabin farko gaskiya ne, a matsakaici ta maza ta fi da kamar kashi 10 cikin 100, kamar yadda jikinsu da kansu ya fi girma, kuma in aka saka girman ƙoƙon kai a lissafi yawancin bambancin sassa yana raguwa sosai. Rabi na biyun kuma babu shi, gwaje-gwajen basira ba su nuna maza sun fi mata a matsakaici ba, kuma alaƙar girman ƙwaƙwalwa da makin basira ma ƙarama ce, wajen 0.2 a ma'aunin da ƙarshensa 1.

Girman ma ba kullum yake alheri ba. A birnin Bilantaya na Malawi, ƙungiyar Terrie Taylor ta ɗauki hoton MRI na yara 168 da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa har suka suma, aka wallafa a 2015. Yara 25 suka rasu, kuma kashi 84 cikin 100 na waɗanda suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura sosai, a waɗanda suka rayu kashi 27 ne kawai. Kumburin yana danne wajen da ke kula da numfashi har yaro ya daina shaƙar iska, wannan ne ya sa masu binciken suka koma gwada hanyoyin rage kumburin da taimaka wa yaran da na'urar numfashi har ya saɓe.