Tambaya da Amsa: Awa nawa ne daga Kano zuwa Guanzu?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a warware min wannan. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, maigidana zai tura ni Guanzu ta ƙasar Chaina saro kaya karo na farko, to da na duba tikitin sai naga tafiya ta kai awa 26 amma dawowa awa 13 kacal, wai hanyar dawowar ce ta fi kusa ko kuwa mai sayar da tikitin ne ya yi kuskure? Daga mai bibiyarku, Fagge.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa a je a sa'a. Ka kwantar da hankalinka, babu wanda ya yi kuskure kuma hanya ɗaya ce, agogo ne kawai ya rikita ka. Duk lokacin da ka gani a tikiti, na garin da aka rubuta ne, ba na Kano ba, kuma Chaina tana gabanmu da awa 7, wato kana sallar azahar a Kwari su can sun yi isha'i har an fara neman makwanci.

Bari mu yi lissafin da misali. Ka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe 1 na rana ta jirgin Ethiopian, zuwa Addis Ababa ta ƙasar Habasha kamar kilomita 3,300 ne, awa 5 ko ƙasa da haka kaɗan, ka sauka agogonka na cewa 6 amma nasu 8 na dare saboda su ma sun fi mu da awa 2. Sai ka yi zaman jira a ce awa 4, ka hau na biyun wanda shi ne mai cin rai, kilomita wajen 8,000, awa 10 da 'yan kai kana zaune har ƙafa ta kumbura, ka sauka 3 na yammar washegari a agogon Guanzu. A takarda awa 26, a jikinka 19. Da za ka dawo kuma sai a cire maka 7 ɗin nan, shi yasa tafiyar awa 20 ta koma 13 a takarda. Ɗan bambancin da ya rage kuwa tsawon jira ne da kuma iska, wani lokacin tana tura jirgi ta baya wani lokacin tana tare shi ta gaba.

Nisan kai tsaye tsakanin garuruwan biyu ya kusa kilomita 11,000, kamar ka tuƙa mota zuwa Legas sau 11 kenan, kuma jirgi na cin kamar 850 zuwa 900 a awa, da akwai mai miƙewa da awa 13 ta isa.

Ni abin da na fi ji maka shi ne Addis ɗin nan wallahi. Mutanen Habasha suna da nasu ƙidayar, daga wayewar gari suke farawa, 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a wajensu, saboda haka kada ka tambayi mai shayi lokaci, allon filin jirgi za ka duba. Ka bar wayarka ta sauya lokaci da kanta, sannan ka faɗa wa maigida tun yanzu cewa idan ya kira ka bayan magariba, ƙarfe 2 na dare ya tashe ka.