Garin ma'adinai a cikin gam zai hana allon katako cin wuta?

Malam, kana tambaya ko zuba ƙananan ƙwayoyin ma'adinai, waɗanda ba su kai nanomita 100 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), cikin gam ɗin da ake haɗa allon MDF, wato allon dusar katako da aka matse, zai hana shi cin wuta. Ba zai hana ba, jinkirta ta kawai zai yi. In zafi ya yi yawa, katako sai ya kama. Yumɓun montmorilonait da silika suna ƙarfafa ɓawon gawayin da ke samuwa a fuskar allon, sai zafi ya sha wuyar kutsawa ciki. Aluminiyom haidroksaid kuwa ruwa yake saki in zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Celsius, ya sanyaya wurin.

Sharaɗin dai shi ne gaurayawa. Garin nan akwai son dunƙulewa. In da hannu aka juya, kana yanka allon za ka ga fararen ɗigo-ɗigo a bakin yankan, kuma nan ne yake fara ɓarewa. In an cika garin kuma, gam ya yi kauri ya ƙi bin dusar katakon. Ni kaɗan nake sawa, da injin juyawa mai ƙarfi, in haɗa da sinadarin fosfet, don garin ma'adinan shi kaɗai bai isa ba.