Tambaya da Amsa: Ta Ina Ake Gano Sababbin Mawaƙan Indi?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makon nan sun taru a kan batu guda, wato yadda mai sauraro zai kai ga waƙoƙin mawaƙa masu cin gashin kansu. Na zaɓi uku daga cikinsu, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara uku ke nan ina sauraron waƙa a manhajar wayata, amma na lura duk abin da take kawo mini yau ɗan'uwan wanda na ji jiya ne. Wani abokina ya ce in koma rediyon intanet, wai a can ake jin waƙoƙin indi. Mene ne indi ɗin, kuma da me rediyo ya fi manhaja? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kalmar indi guntu ce da aka yanko daga kalmar Turanci mai ma'anar cin gashin kai. Mafi yawan kasuwar waƙa ta duniya tana hannun manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, saboda haka duk mawaƙin da ya fitar da aikinsa da kansa, ko ta hannun ƙaramin kamfanin da ba ya ƙarƙashin waɗannan ukun, shi ne ɗan indi a asalin ma'anar kalmar. Daga baya aka riƙa kiran wani salon kiɗan jita da wannan suna, salon da ya yi tashe a Ingila a shekarun 1980 ta hannun ƙananan kamfanoni irin su Rough Trade, wanda ya fara buga faifai a 1978, da 4AD na 1980. Ni dai ma'anar farko nake nufi, domin ta fi faɗi, ta kuma haɗa kowane harshe da kowane irin kiɗa.

Abin da ka lura da shi game da manhaja gaskiya ne, kuma haka aka gina ta. Tana ƙirga abin da ka saurara har ƙarshe, da wanda ka tsallake, da abin da masu zaɓi irin naka suka saurara, sannan ta haɗa maka jeri. Spotify, alal misali, tun 2015 take haɗa wa kowane mai amfani da ita jerin waƙoƙi 30 duk ranar Litinin ta wannan hanya. Madubi ce, fuskar da ka kai mata ita za ta nuna maka. Shi kuwa mai gabatar da shiri a rediyo mutum ne mai son zuciyarsa da taurin kansa, wanda zai iya sa maka abin da ba ka nema ba, ka ji haushinsa a minti na farko, a na uku kuma ka miƙe neman alƙalami. Marigayi John Peel, wanda ya yi aiki a BBC Radio 1 daga 1967 har rasuwarsa a 2004, da wannan hali ya yi suna: yana sauraron kaset ɗin da mawaƙan da ba a san su ba suke aiko masa, wanda ya kwanta masa a rai ya sa shi a iska, ko ya gayyaci masu shi su zo su naɗi waƙoƙi a situdiyon gidan.

Tashoshin da suka gaji wannan hali suna nan a intanet. Akwai KEXP da ke Siyatil a Amurka, wadda ta faro a 1972 a matsayin rediyon ɗaliban jami'a da sunan KCMU, ta sauya suna a 2001. Akwai NTS da Femi Adeyemi ya kafa a Landan a 2011, inda masu gabatarwa daga birane daban-daban suke karɓa-karɓa, kowa da abin da ya tono. SomaFM da ke San Faransisko ba ta sa talla, masu sauraro ne ke ɗaukar nauyinta. Idan kuma yawo kake so, shafin Radio Garden zai nuna maka ƙwallon duniya cike da korayen ɗige-ɗige, kowane ɗigo gari ne da tashoshinsa, ka juya ƙwallon da yatsa ka sauka inda ka ga dama.

Sai dai akwai dabara guda da na koya bayan na yi asara. Wani dare ina sauraron wata tasha aka sa waƙar wata mata, muryarta da ganga ɗaya tak, mai gabatarwa ya faɗi sunanta da sauri ina tsakiyar wanke hannu. Na ɗora manhajar gane waƙa a bakin lasifika, ta ce ba ta san ta ba, domin irin waɗannan waƙoƙi sau da yawa ba su riga sun shiga rumbunta ba. Ban lura da lokaci ba, har yau ban same ta ba. Tun daga ranar, da na ji abin da ya taɓa ni sai in fara duban agogo in rubuta ƙarfe nawa, saboda tashoshi irin KEXP suna wallafa jerin abin da suka sa tare da lokacinsa a shafinsu. Ka kuma riƙe sunan mai gabatarwar fiye da sunan tashar, ka bi shirinsa mako huɗu a jere kafin ka yanke masa hukunci. Batun data kuwa da sauƙi: tashar da ke watsawa a kan kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 58 a awa guda, abin da bidiyo zai lashe cikin 'yan mintuna.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matsalata ita ce ba na jin labarin sabon kundin waƙoƙi sai ya tsufa. Ta yaya zan riƙa sani da wuri? Kuma idan na saurari ƙaramin mawaƙi a manhaja, shin wani abu yana shiga aljihunsa? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Barka kadai, Malama. Ki fara da riƙe ranar Juma'a. Tun 10 ga Yuli, 2015 masana'antar waƙa ta tsayar da ita a matsayin ranar fitar da sababbin ayyuka a duniya baki ɗaya, bayan a da kowace ƙasa tana da tata ranar. Ƙananan mawaƙa ba dole ne su bi wannan tsari ba, amma yawancinsu suna bi. Bisa al'ada waƙa guda ɗaya ce ke fara fitowa don share hanya, wani lokaci ƙaramin kundi mai waƙa huɗu zuwa shida ya biyo baya, sannan cikakken albam.

Hanyar da ta fi yi mini amfani ita ce bin kamfanin da ya buga aikin. Ƙaramin kamfani sau da yawa mutum biyu ne ko uku, kuma kunnensu ɗaya ne a kan duk abin da suka fitar, don haka idan kin so kundi ɗaya daga wurinsu, da wuya ki rasa na biyu. Ki kuma riƙa karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan kundi, inda ake faɗin wanda ya haɗa sauti da wanda ya kaɗa jita, domin makaɗin da ke bayan fage a wannan kundi yakan zama mai nasa kundin a wani wuri.

Tambayarki ta biyu amsarta ba ta da daɗi sosai. A Spotify ba a ƙirga saurare sai ya kai daƙiƙa 30, kuma daga 2024 waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba a biyan kuɗin naɗinta ko kaɗan. Ƙananan mawaƙa da yawa a ƙasan wannan layi suke. A Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi a intanet da aka buɗe a 2008, sayen kundin ake yi kai tsaye, kamfanin ya cire kashi 15 cikin ɗari, a cire ladan tura kuɗi, saura ya tafi ga mawaƙin ko kamfaninsa. Tun watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta rufe wuraren wasa, suka fara ware wasu ranakun Juma'a da suke yafe nasu kason gaba ɗaya. Wani abin da nake so a shafin shi ne, a ƙarƙashin kowane kundi ana ganin waɗanda suka saye shi, kina iya leƙa abin da kowannensu ya tara, kamar kin shiga ɗakin wani kina duba kantar faifansa da izininsa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ina kallon wasannin kai tsaye a YouTube. Akwai dalilin da zai sa in wahalar da kaina zuwa zauren wasa? Daga wani magidanci.

Amsa: Tare da naka, Malam. Kallon da kake yi ba abin rainawa ba ne. Shirin Tiny Desk na gidan rediyon NPR, wanda aka fara a 2008 a bayan teburin wani ma'aikaci a ofis, da wasannin da KEXP ke naɗa a situdiyonta, suna tona asirin wanda na'ura ce ke riƙe da muryarsa, suna kuma ɗaga wanda ya iya. Abin da bidiyo ba zai ba ka ba shi ne mawaƙin share fage. A YouTube kai ne ke zaɓen wanda za ka kalla, a zaure kuwa akwai wanda ake sawa ya yi rabin awa kafin babban baƙo, lokacin da yawancin jama'a ba su iso ba, masu kula da sauti ma suna ta gyaran waya. Sau da yawa babban mawaƙin ne da kansa ya zaɓo shi. Ka je da wuri saboda shi, bayan ya sauka kuma ka nemi teburin da ke kusa da ƙofa, inda za ka same shi tsaye da kansa yana sayar da faifai da riguna.

Idan tafiya ba ta yiwu ba, ka ɗauki jerin sunayen waɗanda za su yi wasa a bukukuwan da aka sani da fito da sababbin fuskoki, kamar SXSW da ake yi a Ostin ta jihar Tekzas tun 1987, ko The Great Escape na Buraiton a Ingila tun 2006, ka fara daga ƙasan takardar inda aka rubuta sunaye da ƙananan haruffa, ka nemi kowanne ka ji waƙa ɗaya. Idan kuwa ka samu zuwa zauren, ka tafi da abin toshe kunne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce kada matsakaicin ƙarar wurin wasa ya wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 100 a cikin kowane minti 15, kuma ba kowane ƙaramin zaure ke da mai auna wannan ba, saboda haka ka tsaya nesa da manyan lasifikun da ke gefen dandamali.