Mai layin dogo daban, mai jirgi daban: zai rage kuɗin dako?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwar albasa ne a Sakkwato. Na ji ana cewa in aka raba mai layin dogo da mai jirgin ƙasa, kuɗin dako zai sauko. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, kai ma ganau ne. Titin Sakkwato zuwa Gusau na gwamnati ne, amma tirelolin da ke binsa na mutane ne, shi ya sa kake taya direba uku kafin ka loda buhunanka. Abin da ake son kawowa dogo ke nan. Da wuya a sami mai shimfiɗa layi biyu a jere don gasa, tsadar ta yi yawa. Sai a bar layi a hannu ɗaya, kamfanoni su riƙa biyan kuɗin binsa.

Suwidin ta yi haka a 1988. A Italiya, jirgin Italo na 'yan kasuwa ya shiga gasa da na gwamnati a 2012, tikiti ya yi sauƙi.

Sai dai dogo ba kwalta ba ne, jirgi ba ya kauce wa ɗan'uwansa. Dole a sami mai raba lokutan tashi, in kuwa shi ma yana da jirgi, nasa zai ba safiya, ya bar wa abokin hamayya tsakar dare. Ga kuma gyara. Birtaniya ta danƙa layinta ga kamfanin Railtrack a 1994, shi kuma ya miƙa gyaran ga 'yan kwangila. A Oktoban 2000 ƙarfen dogo ya karye a kusa da garin Hatfield, jirgi ya sauka daga layi, mutum 4 suka rasu, a 2002 aka karɓe layin aka ba wani sabon kamfani, Network Rail. Japan kuwa a 1987 shiyya-shiyya ta raba, kowane kamfanin fasinja da layinsa da jirginsa.

A nan gida, dokar 1955 ta damƙa wa NRC, hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, layi da jirgi duka, sai a 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi damar shiga harkar. A ganina, layi ya zauna hannun gwamnati, a buɗe wa 'yan kasuwa jigilar kaya, a kafa alƙali mai zaman kansa da zai yanka kuɗin bi. Amma gasa sai inda kaya suka isa ciyar da kamfani biyu. Mu kuwa dogon da ya taso daga Zariya tun 1929 ya tsaya a Ƙauran Namoda, har yau bai ƙaraso Sakkwato ba.