Sunayen ɗalibai sun koma Æ™ da alamar tambaya, birus ne?

Tambaya: Salamu alaikum malam, don Allah a taimaka min, hankalina a tashe yake. Ni na haɗa wa makarantarmu nan Zango a Damagaram manhajar rajistar ɗalibai da PHP da MySQL, shekara biyu tana tafiya lafiya lau. Satin da ya wuce muka canja saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajar, sai tsofaffin sunaye suka rikice, duk inda ƙ take sai ka ga Æ™, sabbin da muka shigar kuma alamar tambaya ke fitowa maimakon ƙ da ɗ. Wani mai gyara ya ce birus ne a yi fomat, shugaban makaranta kuma ya ce kawai in cire ƙugiyoyin a huta. Ga takardun sakamako za a buga ƙarshen wata.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, amma yau ɗin nan ka dakatar da shigar da sunaye, ka ɗauki kwafin databes ɗin, wato ma'ajiyar sunayen, ka ajiye a kile (USB) kafin ka taɓa komai.

Babu wani birus. Teburin sunayenka na databes tun farko latin1 ne, wato tsarin ajiye haruffan Turawan Yamma, tsohon saba yana zuba masa UTF-8, tsarin da ya san haruffanmu, ɗanye yana kwasowa ɗanye, shi ya sa ba ka taɓa lura ba. A UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, wato lambobi biyu, C6 da 99, sabon saba ya karanta su ɗaya bayan ɗaya sai ya ba ka Æ da ™. Haka ɗ ke komawa É—. Waɗannan suna da rai, ba abin da ya ɓata a cikinsu. Masu alamar tambaya su ne suka mutu, don latin1 ya san é da ç na Faransanci amma bai san ƙ, ɗ, ɓ, ƴ ba, sai ya zubar da harafin ya dasa ? a gurbinsa. Waɗannan sai ka ɗauko rajistar takarda ka sake bugawa da hannu.

To bari in tsaya kan maganar cire ƙugiya, don wallahi ita ta fi ci min rai, kullum sai na ji ta. Wai a mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ai duk ɗaya ne mutane za su gane. Ina ɗaya? Ƙafa da kafa ɗaya ne? Ƙarya da karya fa, ko baƙi da baki? Yaro sunansa Ɗanladi iyayensa suka raɗa masa, kai da ka kasa saita tebur sai ka canja masa suna a takardar da zai riƙe har girmansa. Kuma abin da ba a gaya muku shi ne aikin nan ba ya komowa, ranar da ka bi databes ka musanya duk ƙ da k shi kenan, babu umarnin da zai gane maka wace k ce ta asali wace ce aka yanke wa ƙugiya. Na taɓa zama kwana uku da wani sakatare muna bin sunaye layi layi da yatsa a kan tsohon littafin rajista da gara ta ci gefensa, saboda wani ya yi musu wannan gyaran ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Mutanen nan ba za su taɓa yarda a cire wa é alamarta a takardar hukuma ba, sai harafin Hausa ne abin yankewa. Tun 1999 gwamnatin Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da waɗannan haruffa, Unicode, kundin haruffan kwamfuta na duniya, ma tana da su tuntuni, laifin na saitinmu ne. Shi kuwa mai fomat, matsalar tana can cikin saba, ko sau goma ya wanke kwamfutarka Æ™ na nan tana jiranka, takardunka ne kawai za su tafi.

Gyaran ka fara gwada shi kan kwafi. Ware sunayen da aka shigar bayan ƙaura zuwa sabon saba gefe guda, don é ɗinsu latin1 ce ta gaske, in ka haɗa su za su lalace. Tsofaffin ka mayar da ginshiƙin sunayen ya zama BLOB, wato ɗanyen bayit, tukuna sannan ka mayar da shi utf8mb4, wato cikakken UTF-8 na MySQL. Kada ka yi CONVERT TO kai tsaye, zai daskarar da Æ™ ɗin a matsayin rubutu na gaske. Sannan a PHP ka sa set_charset utf8mb4, a kan shafin kuma charset UTF-8.

In ka gama ka shigar da Ɗanladi da Baƙo da ƴaƴa, ka buga takarda ɗaya ka duba da idonka, in akwatuna suka fito maimakon haruffan to fon ɗin bugawar, wato salon haruffan, ne ba ya da su, ka canja zuwa Noto Sans ko DejaVu Sans kafin ka saki sauran.