Tarihin Munster, ƙungiyar zari-ruga ta kudu maso yammacin Ireland

Tambaya: Malam, na ga ana kiran Munster ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin zari-ruga na Turai, amma ban sami gari mai wannan suna ba. Daga ina ta fito, kuma me ya jawo mata wannan martaba?

Amsa: Munster sunan lardi ne, ɗaya daga cikin larduna huɗu na gargajiya na tsibirin Ireland, kuma ya ƙunshi gundumomi shida, ciki har da Cork da Limerick. An kafa reshen hukumar zari-ruga ta ƙasar a wannan lardi a shekarar 1879, amma fiye da ƙarni guda ƙungiyar ba ta wuce zaɓaɓɓun 'yan wasa da ake tattarowa daga kulob-kulob irin su Garryowen da Shannon ba, su buga da sauran larduna ko da baƙi masu rangadi, sannan kowa ya koma sana'arsa.

A irin wannan yanayi ne aka yi wasan da har yau ake ba da labarinsa. Ranar 31 ga Oktoba 1978, a filin Thomond Park da ke Limerick, Munster ta doke tawagar New Zealand, wato All Blacks, da ci 12 da nema, ƙarƙashin koci Tom Kiernan, kuma wannan ne kaɗai wasan da baƙin suka rasa a rangadin nasu. A Limerick, ba kamar wasu sassan Ireland ba inda aka fi alaƙanta wasan da makarantun masu hannu da shuni, ma'aikata da talakawa ne suka rungume shi, shi ya sa nasarar ta zama ta jama'ar gari gaba ɗaya.

A ganina, Munster da muka sani yanzu an haife ta ne a 1995, lokacin da aka halatta biyan 'yan wasa albashi kuma aka fara gasar Heineken Cup ta ƙungiyoyin Turai, hukumar Ireland ta zaɓi larduna su wakilci ƙasar. Munster ta sha kashi a wasan ƙarshe har sau biyu a hannun ƙungiyoyin Ingila, da ci 9 da 8 a hannun Northampton a 2000, sai Leicester a 2002, kuma waɗannan raunuka sun ƙara wa magoya bayanta ƙaimi. A 2006 ta lallasa Biarritz ta Faransa da ci 23 da 19 a Cardiff, Anthony Foley na kyaftin, sannan ta sake ɗaukar kofin a 2008 bayan ta doke Toulouse da 16 da 13, duk a hannun koci Declan Kidney.

Daga nan Leinster, ƙungiyar lardin gabashin Ireland, ta karɓe ragamar, kuma Foley ya rasu kwatsam a Paris a 2016 yana kocin ƙungiyar. Bayan kofunan Celtic League da ta ci a 2009 da 2011, sai a 2023 Munster ta sake ɗaga babban kofi, inda ta doke Stormers ta Afirka ta Kudu a Cape Town da ci 19 da 14 a wasan ƙarshe na gasar URC (United Rugby Championship), sabon sunan wannan gasa.